Tarihin Hausawan Gabas Yana Bakin Tsofaffi

Duk wanda ya shiga kasuwar Relief da ke Okpoko, daf da birnin Anacha, ko ya zaga wajen gindin gada, ko kuwa ya bi ta Titin Bida ranar Juma'a, zai ji Hausa tana tashi kamar yana cikin kasuwar Kwari ta Kano. Zai ga masu albasa da wake da bandar kifi, da 'yan kara, da teloli, da masu canji, da 'yan dako. Haka abin yake a Inugu wajen Asata, haka kuma a Fatakwal wajen Diyobu. Mutanen ƙasar Ibo sukan kira irin wannan unguwa Ama Awusa, watau unguwar Hausawa. A cikin wannan jama'a akwai 'yan cin rani, waɗanda da zarar hadari ya fara haɗuwa a Arewa sai su ɗaure kaya su koma gona. Akwai kuma waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, a nan aka binne ta ubanninsu, wasu ma har da ta kakanninsu.

To, a tsai da ɗaya daga cikin samarin da aka haifa a can, a tambaye shi, kakanka daga ina ya zo? Zai amsa da sauri ya ce daga Kano, ko daga Sakkwato. A ƙara tambayarsa, wane gari a ƙasar Kano, wace unguwa, gidan wa, cikin wace shekara, kuma me ya fito da shi? Nan fa sai yaro ya yi ta sosa ƙeya. Alhali kuwa mai amsar yana nan cikin gida, yana zaune a kan buzu yana jan carbi, ko kuwa tana cikin ɗaki tana gyaran ƙulle-ƙullenta, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su.

Wannan shi ne abin da filin nan zai duba a wannan mako. Tarihin Hausawan Gabas kusan dukkansa a bakin tsofaffi yake, ƙalilan ne daga cikinsa ya hau takarda. Wanda yake da shekara 20 a cikin 1966 an haife shi ke nan a 1946, yanzu kuwa in bai cika tamanin ba yana bakinta. In aka yi sakaci waɗannan dattawa suka shuɗe ba a tambaye su ba, to, sai dai a ji labarin a bakin wasu, yadda su suka ga dama.

YADDA AKA ZO

Zaman Hausawa a Gabas ya girmi ƙasar Nijeriya kanta. Tun a ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su gama kafa mulki, maharban giwa daga Arewa sun gangara kurmi neman haure, har suka kafa mazauni a Elele, a ƙasar Ikwerre, arewa da inda Fatakwal take a yau. Manoman wurin sun yi maraba da su, domin giwaye suna yi musu ɓarna a gonaki. Ta arewacin ƙasar Ibo kuwa, wajen Ibagwa da Enugu Ezike, fataken Nufawa da na Hausawa ne suka riƙa shiga da dawaki, saboda mutanen wurin suna sayensu don bukukuwan sarauta da na jana'iza. A Anacha kogin Kwara ne hanya, kwale-kwale suna gangarowa daga Lakwaja da ƙasar Nufe. Har yau sunan Titin Bida da na Titin Sakkwato, kusa da babbar kasuwa, shaida ne na waɗanda suka zauna a wurin.

Bayan maharba da fatake sai sojoji. Turawa sun ɗauki Hausawa da yawa aikin soja, kuma da su aka yi yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902. Da aka sallami wasu daga cikinsu sai suka zauna kusa da barikoki, suka kama sana'a, suka aika gida aka kawo musu iyali.

Amma abin da ya buɗe hanya sosai shi ne reluwe. An gano kwal a ƙasar Udi cikin 1909. Don a sami inda za a loda shi a jirgin ruwa aka kafa Fatakwal a 1912, aka shimfiɗa dogo daga can zuwa Inugu, aka gama a 1916. Daga nan dogon ya miƙe Arewa, ya ratsa Makurɗi da Kafancan ya haɗu da layin Kaduna, sa'an nan aka buɗe gadar kogin Binuwai a Makurɗi cikin 1932. Shanun da a da ake korowa da ƙafa wata da watanni, tsando yana cizo, sammore yana kashewa, sai ga shi ana zuba su a tarago su sauka cikin 'yan kwanaki. Ta haka Umuahia ta zama babbar kara. A yau babbar karar yankin tana Lokpanta, a Jihar Abiya.

Kowane baƙo kuwa a hannun maigida yake sauka. Maigida shi ke ba falke masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, sa'an nan a fitar da la'ada. Yaron maigida in ya nuna amana sai a ba shi jari, a yi masa aure, shi ma wata rana ya zama maigidan wasu. Bisa kansu duka akwai Sarkin Hausawa, mai sasanta rigima da shiga tsakaninsu da hukuma. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana wannan tsari filla-filla a littafin da ya rubuta a kan Sabo ta Ibadan cikin 1969. Zangunan Gabas ma da irin wannan tsari suka tashi, kuma sunayen masu gidajen da jerin yaransu duk suna kan tsofaffi.

Har mulkin gari sai da wannan zama ya kai. Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC a Inugu, kuma shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956, lokacin da Inugu take hedkwatar Jihar Gabas baki ɗaya. Yawancin waɗanda suka zaɓe shi Ibo ne. Yaran Asata nawa ne a yau suka san wannan suna?

ABIN DA YA CINYE TAKARDU

Mai karatu zai ce, ai ko ba a tambayi kowa ba, akwai takardu. To, takardun su ne suka fara salwanta. Cikin watan Mayu na 1966, da kuma Satumba da Oktoba, an kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, sauran suka kwarara gida. 'Yan Arewa da ke Gabas su ma ramuwar gayya ta ci wasu daga cikinsu, kuma a watan Oktoba Gwamnan soja na Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ba da umarni waɗanda ba 'yan jihar ba su fice. Mutumin da ya fita a irin wannan hali, da goyo a baya da ƙunshi a ka, ba ya tsayawa neman rasit ɗin fili ko hoton ɗaurin aure.

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967. Sojojin Tarayya sun shiga Inugu a farkon Oktoba na shekarar, Anacha a watan Maris na 1968, Fatakwal kuma a watan Mayu. Babbar kasuwar Anacha ta ƙone a cikin yaƙin, gadar Kwara da aka buɗe a ƙarshen 1965 ita ma aka karya ta. Da aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu, 1970, wasu Hausawan suka komo suka sake sabon lale, wasu kuwa ba su ƙara waiwayar Gabas ba, suka watsu a Kano da Jos da Kaduna da Makurɗi. Gida ɗaya sai ya rabu biyu ko uku, kowane reshe yana riƙe da guntun labarin.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Fabrairu na 2000, bayan rikicin Kaduna, an far wa 'yan Arewa a Aba. A watan Fabrairu na 2006 kuma, 'yan kwanaki bayan rikicin Maiduguri, aka yi na Anacha, inda aka yi asarar rayuka, aka ƙone masallatai da rumfuna, jama'a suka fake a bariki, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, sai ɗan abin da aka sake tarawa na takardu ya tafi. Abin da wuta ba ta iya ci ba shi ne wanda ke cikin ƙirjin mutane.

Sa'an nan ga wata matsala. Marubutan tarihin Arewa hankalinsu ya fi karkata ga sarakuna da masarautu, wanda ya bar gida kuwa, in ji Hausawa, gida ya bar shi. Marubutan Gabas su kuma labarin kansu suke bayarwa, kuma sun yi ƙoƙari ƙwarai. Dokta Nnamdi Azikiwe, ɗan asalin Anacha da aka haifa a Zungeru cikin 1904, ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa, mutanen Gabas da dama kuma sun rubuta abin da suka gani a yaƙi. Bahaushen zango ya faɗa tsakani, can ba a lissafa shi ba, nan ma ba a lissafa shi ba. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka kula da shi shi ne na Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda ta wallafa littafi a 2011 a kan shigar Musulunci ƙasar Ibo, ita ma kuwa da hira da tsofaffi ta gina kaso mai yawa na aikinta. In baƙuwa ta ga amfanin zuwa ta zauna gaban kakan wani da alƙalami, ina dalilin da zai hana jikansa?

ABIN DA ZA A RASA

Kada a ɗauka wannan magana ta sha'awar malaman jami'a ce kawai. Akwai abubuwa uku na zahiri da rashin sanin asali yake jawowa.

Na farko shi ne takardar shaidar asali. A Nijeriya, neman shiga makarantar gwamnati, ko aikin soja da na 'yan sanda, ko tallafin karatu, yawanci sai da takarda daga ƙaramar hukumar da mutum ya fito. Yaron da aka haifa a Anacha ko Fatakwal da wuya ya sami ta wurin, sai a ce ya koma garin kakansa. A can kuwa sai mai unguwa ko dagaci ya shaida cewa ya san gidansu. To, ina zai dosa in abin da ya sani kawai shi ne Kano? Dattijon da ya baro gida a 1955 ya ce shi mutumin Kano ne, mai yiwuwa Haɗeja yake nufi ko Gumel ko Kazaure, waɗanda tun 1991 suke cikin Jihar Jigawa. Wanda ya ce Sakkwato, garinsa yana iya kasancewa a Jihar Kebbi ta 1991 ko Zamfara ta 1996. Katsina ma sai a 1987 aka cire ta daga Jihar Kaduna. Bugu da ƙari, a Gabas duk wanda ya sa doguwar riga ya yi salla Bahaushe ake ce masa, ko da kuwa Banufe ne, ko Babarbare, ko Bafillace, ko Bazabarme, ko mutumin Maraɗi ko Damagaram. Tsoho ne kaɗai zai warware wannan.

Na biyu shi ne gado da aure. Falke yakan yi iyali biyu, ɗaya a gida ɗaya a zango. In ya rasu, shari'a ba ta yarda a raba ko allura ba sai an san magada duka. Gona ko kangon gida da ya bari a Arewa, in 'ya'yan Gabas ba su san da shi ba, shi ke nan ya tafi. Haka kuma maganar shayarwa. A zaman zango, inda mata suke nesa da danginsu, maƙwabciya takan shayar da ɗan maƙwabciya, balle a lokacin gudu. Wannan kuwa yana haramta aure, kuma ba littafin da aka rubuta shi a ciki, tsofaffin mata ne kurum suka sani.

Na uku shi ne mutunci. Duk ranar da aka sami saɓani a kasuwa, kalmar da ake fara jifan Bahaushe da ita ita ce baƙo. Saurayin da zai iya cewa kakan kakansa ya sauka a wannan gari tun kafin a shimfiɗa dogo, ga sunan wanda ya ba shi fili, ga inda kabarinsa yake, tsayuwarsa daban take da ta wanda bai san komai ba. Shi kansa zai fi ganin girman garin da mutanensa, domin ya san abin da ya haɗa su.

JIKA SHI NE ƊAN AIKE

Wa ya kamata ya yi tambayar? A al'adar Bahaushe akwai kunya tsakanin ɗa da mahaifi, balle ɗan fari, wanda iyayensa ko sunansa ba sa faɗa. Da wuya ɗa ya dubi ubansa ya ce, Baba, me ya raba ka da garinku? Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wata, watau wasan jika da kaka. Jika namiji yakan kira kakarsa matata, ita kuma ta ce masa maigida. Jika mace kishiyar kakarta ce. Kaka namiji da jikansa kuwa abokan tsokana ne. Jika yana iya zama ya ce, “Tsoho, wai da gaske ne da ƙafa ka zo garin nan, ko cika baki ne?” Dattijo zai yi dariya ya ce, “Kai, ja can, ɗan nema! Kai da ko Asaba ba ka iya zuwa sai a mota.” Daga nan labari ya ɓalle. Abin da ɗa zai shekara bai samu ba, jika zai same shi tsakanin la'asar da magariba.

Amma fa tambaya tana da ladabi. A je da ɗan goro ko turare, a zaɓi lokacin da tsoho ya huta, a gaya masa gaskiyar abin da ake nufi, a kuma nemi izininsa kafin a kunna rikoda. A da sai mai hali ke da rikoda da kaset, yanzu kuwa wayar da ke aljihun kowane ɗan dako ta isa. A fara da faɗin ranar da ake hirar, da wurin, da cikakken sunan mai magana da na mahaifinsa. Kada a wuce sa'a guda a zama ɗaya, gara a dawo sau biyar da a gajiyar da shi rana ɗaya.

Babbar tambaya ba ta haifar da amsa. In aka ce wa dattijo ya ba da tarihinsa, sai ya ce, to, alhamdu lillahi, mun sha wuya mun sha daɗi, ya yi shiru. Ƙananan tambayoyi su ne mabuɗi. A wace tasha ka hau jirgi? Nawa ka biya? Wa ya raka ka? A gidan wa ka kwana daren farko? Me ka fara sayarwa, wa ya ba ka jari? Wace kalma ka fara koya da harshen Ibo? Wa ya ba da filin masallaci, wa ya fara limanci? Ina ake binne mamata a lokacin? Kowace amsa za ta fito da suna, kowane suna kuma zai kai ga wani gidan da za a je a ƙara tambaya.

Kada a manta da mata. Namiji yakan riƙe labarin kasuwa da siyasa, amma wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wa ya rasu yana ƙarami, wa aka bayar riƙo, wannan fannin tsofaffin mata ne. A zauna da su daban, inda ba maza, domin a gaban maigida tsohuwa za ta ce duk yadda Malam ya faɗa haka ne. A cikinsu kuma akwai 'yan asalin Ibo da Ikwerre da suka auri Hausawa, waɗanda ta wajensu yara suke da kawunai a ƙauyukan Gabas. Wannan ma dangi ne, a rubuta sunan ƙauyen da na gidan.

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke lissafi, saboda haka mai tambaya ya tafi da ma'auninsa a ka. Zuwan Sarauniyar Ingila, wadda ta ziyarci Inugu da Fatakwal, 1956 ne. Samun mulkin kai 1960. Buɗe gadar Anacha ƙarshen 1965. Rasuwar Sardauna 15 ga Janairu, 1966. Komawar motoci hannun dama Afrilun 1972. Fitowar naira da kwabo a madadin fam da sule, farkon 1973. Kisan Janar Murtala 13 ga Fabrairu, 1976. In tsohuwa ta ce ta zo Anacha da goyon ɗanta na biyu, kuma a jirgin fito suka tsallaka domin ba a gama gada ba, to, an san kafin ƙarshen 1965 ne. In ta ce da fam aka biya sadakinta, an san kafin 1973 ne.

A kuma roƙi a buɗe tsohuwar adaka. Rasit ɗin haraji, da lasin kasuwa, da fasfon aikin hajji, da takardar sallama daga soja, da wasiƙun ajami, da hoton da ya koɗe, duk shaidu ne. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a bangon kundi. A ɗauki hoton kowanne, gaba da baya, a mayar wa mai shi da kayansa.

TANTANCEWA DA AMANA

Tsufa yana kawo mantuwa, son kai kuma yana ƙara wa labari gishiri. Kowane gida yana so a ce kakansa ne ya fara sauka. Maganin wannan malaman Hadisi sun daɗe da koyar da shi, watau a san daga bakin wa magana ta fito. A riƙa tambaya cikin ladabi, Alhaji, wannan da idonka ka gani ko gaya maka aka yi? Wa ya gaya maka? Sa'an nan a kai labarin gaban wani tsohon a ji nasa. In sun saɓa, a rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi, kada mai rubutu ya zaɓi wanda ya fi yi masa daɗi. Kuma a rubuta maganar yadda ta fito, da kalmomin Ibo da na Buroka da suka shiga cikinta, domin su ma shaidar zaman ne.

Akwai abin da tsoho zai yi nauyin bakin faɗa. Wani gudun haraji ya fito da shi, wani bashi, wani rigimar sarauta, wani kuwa asalin gidansu bauta ce, ya zo inda ba a san shi ba don ya sami sabon suna. In ya yi shiru, a ƙyale shi. In ya faɗa ya ce amana ce, to, amana ce, ba ta shiga waya balle ta zaga duniya.

Maganar 1966 da ta 2006 kuwa a bar ta sai ƙarshe, bayan an saba. In an zo kanta, a tambayi duka ɓangarorin. Wa aka rasa, a ina, yaya sunansa, domin a riƙa yi masa addu'a. Sa'an nan kuma, wa ya ɓoye ku, wa ya raka ku tasha, wa ya riƙe muku rumfa har kuka dawo? Mai tambayar da ya tattara ɓacin rai kaɗai ya bar alheri ya yi rabin aiki, kuma rabin mai haɗari. Ana neman wannan tarihi ne don yara su san hanyar da aka biyo, su kuma gane alamun fitina tun tana nesa.

AN TAƁA YI

Hausawa suna da misalai biyu da suka isa ishara. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bature matafiyi Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can wani mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dubban yara sun sha irin wuyar da Dorugu ya sha, amma nasa labarin ne ya rage, domin shi aka tambaya.

Ta biyu ita ce Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau duk mai son sanin zaman matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya bi ta kansa. Da an ce bari sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, da an yi asarar da ba ta da mayi. A zangunan Anacha da Inugu da Fatakwal akwai irin su Baba da yawa, suna zaune ana wuce su da gaisuwa kawai.

Saboda haka kira na farko ga ɗalibai ne da samarin kasuwa: kowa ya fara da gidansu, cikin wannan mako. Abin da aka ɗauka a ajiye shi wuri uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin wani amintacce, ɗaya kuma a aika wa dangi a Arewa, tun da an riga an ga yadda ajiyar wuri ɗaya take ƙarewa. In hali ya yi, a kai takardar da ƙafa, a ga garin, a gai da waɗanda suka rage, don zumunta a ƙafa take.

Kira na biyu ga Sarakunan Hausawa ne da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa. Ya kamata kowane zango ya buɗe littafi a masallaci ko a fadar Sarki, a rubuta jerin sarakunan da aka yi, da limamai, da masu gidajen sauke baƙi, da garin da kowane gida ya fito. Kira na uku ga masana ne. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don adana tarihin Arewa, da sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, ya dace su tura ɗalibai su karɓi kwafin irin waɗannan hirarraki, su kuma gwada su da abin da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Inugu.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Dattawan nan sun yi nasu, sun ratsa daji da kogi, sun ga yaƙi, sun komo sun sake gini. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa tabarma kusa da su, a gaishe su, a ce a ba mu labari. Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.